Murucin da Ya Gagari Aina'u

Idan ka sauka daga bas a Tsanyawa ka tambayi gidan Malam Kassimu na Tudun Kaba, sai a ce maka, "Wanne? Mai faci, ko mai itatuwan banza?" Kada ka damu, duk mutum ɗaya ne. Masu keke da babur su ke ce masa mai faci, don ranar kasuwa yana zama gindin darbejiya da famfonsa da bokitin ruwa yana liƙe tayoyi. Ɗaya sunan kuwa matarsa Kulu ce ta raɗa masa, gari ya ɗauka.

A wannan ƙasa gona ta haɗe da gona, ko wurin ajiye takalmi ba a bari. Wa da ƙani sukan daina gaisawa a kan kunya ɗaya ta gero. To a irin wannan wuri ne Malam Kassimu ya ɗauki garkar bayan gidansa, inda mai hankali zai zuba kuɓewa da yakuwa da tattasai, ya cika ta da dabino da goriba. Duk wani icce mai dogon wuya da tuntu a ka, shi ne nasa. Mangwaro? Ina! Wai mangwaro kowa ma yana iya shuka shi.

Dabinon daga masallaci ya samo su. Da azumi, in an sha ruwa kowa ya tofar da ƙwallo, shi sai ya bi tabarma yana tsincewa yana zubawa a aljihu. Ya binne su cikin gwangwanayen madara, wanda ya tsiro ya dasa shi, ya zagaye shi da tsohuwar taya da ƙaya saboda awaki. Ruwa kuwa ba a ɓarnarsa a gidan. Ya ajiye dutse a gindin kowane icce, yau ya yi alwalar asuba a kan wannan, ta azahar a kan wancan, har ya zagaye su duka. Ya taɓa gwada kwakwa ma, wadda wani direban gingimari ya kawo masa daga kurmi. Ta mutu, ya sake, ta sake mutuwa, ya ce ba laifinta ba ne, baƙunta ce ta yi mata yawa.

Rigimar da ta fi daɗewa ita ce ta kaba. Kulu masaƙiyar tabarma da faifai ce, ga kuma kurmin kaba ya fito da kansa a kusurwar garka. Malam Kassimu ya ce wuƙa ba za ta taɓa shi ba, domin kaba ɗan goriba ne, yankan da mata ke yi masa ne ke hana shi tashi. Haka Kulu ta yi shekara da shekaru tana sayen kaba a kasuwa, ga shi kuwa a bayan ɗakinta yana kaɗa mata hannu. Yanzu goribar ta tashi har ta yi rassa, yaran unguwa na jifanta.

"Malam," in ji Kulu, "mutane na shuka abin da za su ci, kai kana shuka abin da za ka gaisar da safe."

"To ai suna amsawa," in ji shi. "Ke ce ba kya tsayawa ki ji."

Abu ɗaya ne babu a garkar, giginya. Ba don ba ya so ba, sai don yana ganin yana da wadda ta ishe shi. A kufan kakansa, can gabas da gari, akwai wata giginya da kowa ke kira Mai Ciki, saboda kumburin da ta yi a tsakiya. Babu wanda ya san shekarunta. A gindinta mahaifiyarsa ke zama tana tsince wake, shi kuma yana gwaguyar 'ya'yan giginya har bakinsa ya yi ja. Da ya girma yana tafiya cin rani, in mota ta hawo tudu ya hango kan Mai Ciki sama da duk itatuwa, a nan yake sanin ya zo gida, tun kafin ya ga rufin kowa. Mutane na cewa inuwar giginya na nesa ka sha sanyi, shi kuwa yakan ce ai shi ya sa take da amfani ga matafiyi.

Da aka raba gado kufan ya faɗa hannun wani ɗan uwansa, shi kuma ya sayar wa wani mutumin birni. Rannan da bazara, Malam Kassimu na cikin liƙe taya, amininsa Malam Hadi ya zo da gudu a kan keke ya ce masu azara sun sa wa Mai Ciki gatari. Kafin ya isa an gama. Tana kwance a ƙasa, ana tsaga ta. Wallahi ranar ya yi kuka, tsoho da furfurarsa, bai kuma ji kunyar kowa ba. Da ya share ido sai ya cire babbar rigarsa ya shimfiɗa, ya bi kan giginyar yana tsintar 'ya'yan da suka nuna. Ya ɗaure su ya ɗora a ka, ya dawo gida da 'yar shara.

Su ke nan abin da ya rage na Mai Ciki a duniya. In sun tsiro, tana da baya. In ba su tsiro ba, sai labari.

Giginya ba ta son dashe, inda aka binne ta nan za ta tsufa. Don haka da ruwan farko ya sauka ya zaɓi wuri a jikin katangar garka, ya haƙa, ya jera ƙwallayen kusa da kusa, da niyyar in sun fito ya bar masu ƙarfi. Ya tara musu ƙasa ya yi tudu. Daga nan alwalar asuba ta koma can dindindin, dabinai suka shiga kishi. Giginya kuwa ba ta gaggawa. Ƙasa take fara yi, ta tura saiwa mai kauri can ciki, sai ta gama shirinta sannan ta leƙo. Wannan saiwar ita ce muruci, wanda ake haƙowa a dafa a ci. Malam Kassimu ya fi kowa son muruci, amma ko a mafarki bai taɓa kallon tudun nan da idon ci ba.

Damuwarsa ɗaya ce, yakan kuma faɗa wa Malam Hadi. Giginya sai ta shekara ashirin ko fiye kafin ta zama abin kallo, shi kuwa ya ba sittin baya. 'Ya'yansa maza ba ruwansu da icce. Autansa Uwaisu, wanda ke dakon buhu a Dawanau, in ya zo gida ko leƙa garkar ba ya yi. "Wa zai tsare ta daga akuya in ba na nan?" Malam Hadi sai ya ce, "Bari ta fito tukuna, ka cika gaggawa kamar ba manomi ba."

Bayan kaka, da aka cika rumbuna, aka yi bikin Uwaisu. Amaryar sunanta Aina'u, daga wani ƙauye na wajen Minjibir, yarinya mai kunya da zafin nama. Kafin a ce yi ta yi. Ta share tsakar gida, ta wanke tukwanen da Kulu ta manta tana da su, ta gyara akurkin kaji. Abin da ba wanda ya tuna ya faɗa wa Malam Kassimu shi ne, mahaifiyar amarya sana'arta muruci. A cikin tudun muruci Aina'u ta yi rarrafe. Abin da ba wanda ya tuna ya faɗa wa Aina'u kuma shi ne labarin Mai Ciki. Kowa na ganin ai duniya duka ta sani.

Ba a daɗe da biki ba babbar 'yarsu da ke aure a Minjibir ta haihu. Malam Kassimu da Kulu suka tafi suna, Uwaisu ya koma Dawanau. Da za su fita Malam Kassimu ya tsaya bakin ƙofa ya ce, "'Yar nan, ga garka nan, a riƙa dubawa."

"To, Baba," in ji Aina'u daga durƙushe.

Ta kuwa duba. Washegari ta shiga da buta, idonta ya faɗa kan tudun da ke jikin katanga, ta ga 'yan tsirai masu tsini sun fara huda ƙasa. Duk 'yar mai muruci ta san in tsinin nan ya fito, lokaci ya yi, in aka ƙara sakaci ganye ya buɗe, murucin ya zama zare, ko akuya ba ta ci. Allah sarki Baba, ta ce a ranta, hidimar biki ta sa ya manta da murucinsa. Ta ɗaure zani, ta ɗauko dagi, ƙarfen nan na haƙa rami. Ta yi aiki irin na gidansu, a hankali, ba ta karya ko ɗaya ba.

Ranar da suka dawo, bayan la'asar, Malam Kassimu ya zauna a zaure yana miƙe ƙafa, Malam Hadi ya shigo yi masa barka da hanya. Suna cikin labarin jariri sai ga Kulu da kwano rufe da faifai, tana murmushi. Ta ce amarya ce ta yi wa Babanta tanadi. Aka buɗe. Muruci ne, manya-manya, an dafa an ɓare, sai tururi yake.

"Kai, kai, kai!" in ji Malam Hadi. "Kassimu, ka yi dacen suruka."

Malam Kassimu ya yi bisimilla ya gutsura. Gari-gari, ba ɗaci ko kaɗan. Ya cinye ɗaya, ya ɗauki na biyu, yana lumshe ido. Ya ce rabonsa da muruci irin wannan tun yana yaro, tun na gindin Mai Ciki. Malam Hadi da baki cike ya ce lalle kam. Can sai Malam Kassimu ya ce, "Ni kam a ina ta samo? Ai yau ba kasuwa ba ce."

Kulu ta leƙa cikin gida ta yi kira. Aina'u ta zo ta durƙusa a bayan ƙofar zaure, inda ba za su haɗa ido da surukinta ba.

"Babanki na tambaya, wajen wa kika sayi muruci?"

"Ba saye na yi ba, Inna. Na garka ne. Na ga zai wuce, shi ne na cire."

Malam Hadi ya tsaya da tauna, ya rasa ko ya haɗiye ko ya tofar. Malam Kassimu ya dubi guntun da ke hannunsa, ya dubi kwanon. 'Ya'yan Mai Ciki ne a jere, an sa musu gishiri. Ya so ya yi ihu, wallahi ya so. Amma ga yarinya a bayan ƙofa, ko lallen bikinta bai gama gogewa ba, tana jiran a ce ta kyauta. In ya buɗe baki da abin da ke ransa, ta yaya za ta ƙara sakewa a gidan nan? Ya haɗiye lomar da ƙyar. Ya ce, "Madalla. Allah ya yi miki albarka." Muryar dai ba tasa ba ce.

Kulu ce ta kasa daurewa. Ita da ta shekara talatin tana zagin itatuwan, ita ce ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi! Mai Ciki! Aina'u, na jikin katanga? Duka?"

Aina'u ta ji salatin, ta san akwai laifi, amma ba ta san wanne ba. Sai ta kama wanda ta sani, wanda dama yake damunta tun jiya. Ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna. Ba duka ba ne, ɗaya ya gagare ni. Ya shige ƙarƙashin katanga, na haƙa har hannuna ya ƙare ban kai gindinsa ba. A gidanmu kuma abin kunya ne a karya muruci, shi ya sa ban fizge shi ba. Amma na zuba masa ruwa tulu biyu ƙasar ta yi laushi. Gobe da sassafe in sha Allahu zan..."

Ba ta ƙarasa ba. Malam Kassimu, mai ciwon gwiwa, wanda sai ya dafa bango yake tashi daga tabarma, ya wuce ta gabanta kamar an harba shi. Ba takalmi, hula ta faɗi a tsakar gida, kaji suka watse, guntun muruci na nan a hannunsa. Malam Hadi ya biyo shi yana cewa a hankali, Kulu na biye, Aina'u a ƙarshe tana hawaye.

Tudun ya zama ramuka. Amma can a jikin katanga, cikin wani rami mai zurfi da ya jiƙe sharkaf, ga shi nan tsaye, fari sol, kaurinsa ya kai damtsen yaro, da ɗan tsininsa kore a sama. Ko ƙwarzane babu a jikinsa. Malam Kassimu ya zube a gwiwa cikin taɓo. Ya sa hannu biyu ya riƙa mayar da ƙasa a hankali yana dannawa, yana cewa, "Alhamdu lillahi. Sannu. Sannu da ƙoƙari." Daga nan sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da riƙe ciki, hawaye na zuba, taɓo har gemu.

"Hadi, ka ji? Tulu biyu! Ni da nake ba shi ragowar alwala a buta. Yau ya sha ruwan da bai taɓa sha ba tun da aka binne shi."

A nan Kulu ta zaunar da Aina'u a kan taya ta ba ta labarin Mai Ciki tun daga farko. Yarinya ta rufe fuska da mayafi ta ce ita kam ta shiga uku, gara ƙasa ta tsage ta shige. Malam Kassimu ya ce, "Ke, 'yar nan, bar kukan. Da wani ne ya haƙa, da ya sa ƙarfi ya ɓalle shi. Hannun gidanku ne ya cece shi. Dama niyyata in bar mai ƙarfi, ga shi kin zaɓa mini."

Sauran murucin fa? Ya ce a ɗauko kwanon da abin da ya rage a tukunya. Ya tsaya ƙofar gida yana kiran duk mai wucewa. "Zo ka ci giginyar kakana! Zo, ba kullum ake samu ba!" Liman ya ci, mai shayi ya ci, tsofaffin da suka yi wasa a gindin Mai Ciki suka ci suna tuna wanda ya taɓa faɗowa daga kanta da wanda ɗanta ya faɗo wa a ka. Aka yi ta dariya har kiran magariba. Malam Hadi ya ce shi dai bai taɓa zuwa ta'aziyyar da aka ci mamacin ba sai yau, Liman ya ce ya nemi gafara, yana faɗa yana miƙa hannu a kwano.

Da damina ta zagayo, tsiron ya buɗe ganyensa na farko, mai faɗi kamar mafici. Gari ya sa masa suna Gagarau. Malam Kassimu ya zagaye shi da tayar mota da ƙaya riɓi biyu. Malam Hadi, da ba ya rasa abin faɗa, ya ce giginya fa akwai mace akwai namiji, in wannan namiji ne ko ɗa ɗaya ba zai yi ba. Malam Kassimu ya ce ko namiji ne ai zai yi tsawo, matafiyi zai hango shi. Abin da bai faɗa ba shi ne tsohuwar damuwarsa, wadda ke nan ba ta gusa ba. Yakan dai lura, in ya zo da butarsa da asuba, sai ya tarar da ƙasar a jiƙe, wani ya riga shi.

Da kaka Aina'u ta haifi 'ya mace. Mahaifiyarta, Inna Sauda mai muruci, ta zo daga ƙauyensu da ƙullin kayan jego. Kwana biyu da zuwanta ta shiga garka neman ganyen wanka, Aina'u na biye da ita a hankali. Malam Kassimu na bayan goriba yana gyara ƙaya, ba su gan shi ba.

Inna Sauda ta tsaya a kan Gagarau ta riƙe haɓa. "Oh ni! Wane malalaci ne ya bar muruci ya yi ganye haka? An yi asara. Bari in gani ko gindin zai ciwu." Ta sunkuya ta kai hannu wajen tayar.

Aina'u, mai jego, wadda ko magana da ƙarfi ba a taɓa jin ta yi ba, ta sha gabanta ta tsaya tsakaninta da tsiron.

"A'a, Inna. Wannan ba na ci ba ne."

"Ke, ni za ki koya wa muruci?"

"Ba muruci ba ne, giginyar gidanmu ce. Ni ke ba ta ruwa. In yarinyar nan ta girma ta yi aure, da ita za ta riƙa gane gida tun daga kan tudu."

Malam Kassimu ya daɗe tsugune a bayan goriba da ƙaya a hannu, bai motsa ba har suka fita. Daɗi ya cika shi har ya rasa inda zai sa kansa. Da ya shigo tsakar gida Kulu ta dube shi ta ce, "Malam, me ya sami idonka?" Ya ce ƙaya ce. Ta ce ita ba ta taɓa ganin ƙayar da ke sa mutum murmushi ba.

Washegari da asuba ya ɗauki butarsa ya wuce Gagarau, ya tafi wajen dabinon da ya fi daɗewa bai sha ba, ya zauna a kan dutse ya yi alwalarsa a can.